MUSAYAR TSOHON GWAL DA SABO: WACE RIBA CE A CIKI?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Hausa tana da kalma guda mai fuska biyu, watau riba. Akwai riba ta ciniki wadda Allah Ya halatta, akwai kuwa riba wadda Ya haramta, kuma babu inda waɗannan biyu suke kusantar juna kamar teburin mai sayar da zinariya. A nan Dukawuya da sauran unguwannin cikin birni, idan biki ya matso, mace takan ɗauki tsohuwar sarƙarta ta kai kasuwa, a auna, a ba ta sabuwa ta yayi, ta yi cikon kuɗi. Ita ta yarda, shi ya yarda. To, ina laifin?

Shari'a ta ajiye sharaɗi biyu ga musayar zinariya da zinariya: nauyi ya zama daidai, kuma a karɓa hannu da hannu kafin a rabu. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa labarin wani maƙerin zinariya da ya tambayi Abdullahi ɗan Umar ko zai iya sayar da abin da ya ƙera da zinariyar da ta fi shi nauyi, domin ya fid da ladan aikinsa. Ibnu Umar ya hana shi, maƙerin ya yi ta binsa yana maimaita tambaya, bai sauya amsa ba. Haka kuma Imamu Muslim ya ruwaito cewa a yaƙin Haibara, shekara ta 7 bayan Hijira, Fadalatu ɗan Ubaidu ya sayi abin wuya mai zinariya da duwatsu a kan dinari 12, da ya rarrabe shi sai ya sami zinariyar da ta fi dinari 12. Annabi (S.A.W.) ya hana a sayar da irin wannan sai an rarrabe.

Mai hankali zai ce: ashe gumin maƙeri ba shi da lada? Tambaya ce mai nauyi, har Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim suka tafi a kan cewa kayan ado da aka ƙera sun zama haja, ana iya sayar da su da abin da ya fi nauyinsu. Amma jamhurun malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, ba su bi wannan ba. Kuma ba su tauye maƙeri ba, gama wanda ya kai zinariyarsa a narka a sake ƙera masa ita, ya biya ladan aiki, bai yi laifi ba.

Hikimar hanin kuwa tana bayyana ga wanda ya dubi matar nan. Sa'ad da aka haɗa ciniki biyu aka mai da su ɗaya, ba ta san nawa aka sayi tsohuwar sarƙarta ba, ba ta san nawa aka sayar mata da sabuwa ba, ciko kaɗai ta sani. Yardar da aka gina a kan rashin sani ba cikakkiyar yarda ba ce. Mafita kuwa mai sauƙi ce: ta sayar da tsohuwar da kuɗi, ta karɓi kuɗinta a hannu, sa'an nan ta sayi sabuwa inda ta ga dama, ba tare da an shardanta mata sai a wurinsa ba. Nan take farashi biyu za su fito fili, wanda yake ɓoye wani abu ya rasa maɓoya.

Sa'an nan wajibi ne mai saye ya san abin da yake saye. Zinariya tsantsa ita ce karat 24. Karat 22 kashi 916 ne cikin 1000, karat 21 kashi 875, karat 18 kuwa kashi 750, kuma sau da yawa akan buga wannan lamba a jikin kayan. Saboda haka sarƙa mai giram 20 ta karat 18, zinariyar cikinta giram 15 ce kawai. Duwatsun ado kuma a nemi a cire nauyinsu, kada a biya kuɗin gwal a kan gilashi. Haka nan a guji karɓar kaya yau a biya gobe, domin mafi yawan malaman wannan zamani sun bai wa kuɗin takarda hukuncin zinariya da azurfa.

Ku kuma 'yan kasuwa, ku tuna Suratul Muɗaffifina ta buɗe ne da narko a kan masu tauye ma'auni. Zinariyar da ke gabanku sau da yawa ita ce duk ajiyar marainiya ko bazawara, wadda ta tanada domin ranar ciwo. Ragin da ba ya motsa ido a kan sikeli, yana da nauyi a mizanin Ranar Alƙiyama.

Allah Ya tsare mu daga haram, Ya wadata mu da halal, amin. Wassalamu alaikum.