Samfuri 40 a Dare Ɗaya

Ɗana, ja kujera ka zauna kafin ka koma kan kwamfuta. Na ga abin da ka yi daren jiya. Ka tayar da samfuri 40 a lokaci guda a kan na'urar ɗakin bincike, ka ja ƙofa ka tafi gida. Gari na wayewa rabinsu sun tsaya domin ƙwaƙwalwar katin GPU ta cika, aikin 'yar'uwarka da ta kwana uku tana dakonsa shi ma ya faɗi. Ban kira ka don in ci maka fuska ba. Ƙwazonka yana burge ni, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Horar da samfuri da yawa tare ba aibi ba ne, kowa a wannan sana'a yana yi. Sai dai na'ura tana da iyakarta. Duk sanda ka rubuta n_jobs=-1 a scikit-learn, cewa ka yi a kwashe dukan ƙwayoyin sarrafawa a ba ka. Idan kuma kowane aiki ya sake buɗe nasa ƙananan ayyukan lissafi, sai su yi ta ture juna, abin da zai ƙare da la'asar ya kai asuba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle 40. A 2012 Alex Krizhevsky na Jami'ar Toronto ya horar da samfurin AlexNet a kan katin GTX 580 guda biyu kacal, kowanne da gigabait 3, cikin kwana biyar zuwa shida. Ya san awon kayansa, ya yanka aikin daidai da su.

Amma abin da ya fi damuna ba cunkoson ba ne. Na duba yadda ka zaɓi gwaninka: ka gwada duk waɗanda suka tsira a kan bayanan jarrabawa, ka ɗauki mai maki mafi yawa. Ɗana, idan malami ya ba ɗalibai 40 takardar jarrabawa ɗaya suka yi ta canke, dole wani ya dace. Dacen nan kake shirin rubutawa a matsayin sakamako. Bayanan tantancewa su ake zaɓe da su. Na jarrabawa a kulle suke zama, sau ɗaya ake buɗe su, bayan an gama yanke hukunci. Kuma da na tambaye ka lambar iri (seed) da ka fara kowanne da ita, ka kasa faɗa. To ta yaya wani zai maimaita aikin ya gaskata ka?

Ba sai ka bi kowane haɗin saiti ɗaya bayan ɗaya ba. James Bergstra da Yoshua Bengio sun nuna tun 2012 cewa tsintar saiti barkatai ta fi bin jadawali riba, domin yawanci saiti kaɗan ne ke da tasiri na gaske. Ka ba kowane samfuri ɗan lokaci, ka sallami rabin da ya gaza, ka ƙara wa sauran.

Yanzu tashi ka je ka ba 'yar'uwarka haƙuri, ku raba lokacin na'urar tsakaninku. Ka sake farawa da samfuri huɗu, ka rubuta saitin kowanne da lambar irinsa, ka kawo mini littafin ranar Alhamis mu duba tare. Allah ya yi maka albarka.