Kafin Alƙalami da Shaidar Ƙarya: Kuɗin Na Wane Ne?

Tudun Wadan Zariya unguwa ce ta baƙi tun daga tushenta. A zamanin Turawa aka kafa ta a wajen ganuwa, bayan Ƙofar Doka, domin 'yan Arewa da suka zo neman arziki daga wasu garuruwa, yayin da mutanen Kudu suka fi zama a Sabon Gari. Daga baya makarantun Kongo suka bunƙasa, asibitin koyarwa kuma ya zauna a unguwar shekara da shekaru kafin a mayar da babban aikinsa Shika a 2005. Saboda haka ɗalibai da malamai da ma'aikatan jinya ba su taɓa yankewa ba wajen neman ɗakin haya. Inda baƙi suka yi yawa kuwa, tilas mai gida ya damƙa ɗakinsa ga wanda bai san asalinsa ba, shi ya sa yake neman abu biyu tun da farko. Na ɗaya shaida, wato takardar wurin aiki ko wani sananne da zai tsaya wa mai neman hayar. Na biyu kafin alƙalami, wato ɗan abin da ake ajiyewa domin a riƙe wa mutum ɗakin kafin ya cika sauran kuɗi.

Bari mu buga misali. A ce hayar shekara naira 300,000 ce, mai nema ya ajiye 50,000, ya kawo takarda cewa shi ma'aikaci ne, ya kuma ba da sunan mai tsaya masa. Bayan kwana 10 mai gida ya bincika, ya tarar takardar ta jabu ce, wanda aka ce ya tsaya masa ma bai san da maganar ba. Mai gida ya ce ya fasa. To, shin 50,000 ɗin nan ta wane ce?

In aka kai maganar majalisa, amsar da za mu fara ji ita ce: ai ya ci halal, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Wannan amsa tana da ƙafar tsayawa. Mai gida ya rufe ɗakinsa, ya sallami wasu masu nema, wataƙila ma a daidai lokacin komawar ɗalibai, lokacin da ɗaki ba ya kwana biyu babu mai so. Bugu da ƙari, idan maƙaryaci zai karɓi kuɗinsa cif-cif ya kaɗe riga ya tafi, me zai hana shi kai takardar nan gida na gaba?

Duk da haka akwai buƙatar mu tsaya mu duba abin da kyau, domin ba yau malamai suka fara tattauna shi ba. A fiƙihu ana kiran irin wannan kuɗi arbun. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi a ƙasar Hausa, ya yi bayaninsa a Muwaɗɗa, har ya haɗa da hayar dabba a cikin misalansa, ya kuma nuna cewa sharaɗin a cinye kuɗin in ciniki ya warware ɓatacce ne, saboda cin dukiyar mutum ne ba tare da an ba shi komai ba. Malaman Hambaliyya sun halatta, suna kafa hujja da cinikin wani gida a Makka da aka yi wa Sayyidina Umar daga hannun Safwan ɗan Umayya. A 1993 kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai, ta amince da shi bisa sharaɗin a ƙayyade lokacin jira. Sai dai mu lura da abu guda: duk wannan saɓani a kan mai saye ne ko mai haya da ya janye don kansa. A misalinmu mai gida ne ya janye, ko da yake da dalili ya yi.

A ganinmu ƙaryar da aka yi masa ta ba shi haƙƙi biyu. Yana da haƙƙin ya fasa, domin an gina yardarsa a kan yaudara. Yana kuma da haƙƙin a biya shi asarar da ya yi. Abin da ba ta ba shi ba shi ne ikon cin tara, domin tara aikin hukuma ne. Duk ranar da mutum ɗaya ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, tarar kuma aljihunsa za ta shiga, to adalci ya shiga haɗari, ko da mutumin kirki ne. Mu malamai mun san wannan a aji. Ɗalibin da muka kama da satar amsa, soke takardarsa muke yi, mu kai shi gaban shugaban makaranta. Babu malamin da zai ce tunda yaro ya yi maguɗi, kuɗin tararsa da agogonsa sun zama nasa.

Akwai wani haɗarin kuma. Idan gano ƙarya ya zama hanyar samun 50,000, kwaɗayi zai koya wa wasu farautar ƙarya. Dillali marar tsoron Allah zai iya karɓar kafin alƙalami daga mutum biyar a kan ɗaki ɗaya, ya samo wa kowannensu aibi a takarda, ya ci hayar wata goma ba tare da kowa ya kwana a ɗakin ba.

A Ingila an yi dokar da ta shafi wannan a 2019. Ta yarda mai gida ya riƙe kuɗin in mai neman haya ya ba da bayanin ƙarya, amma ta ɗaure shi da igiya uku. Kuɗin ba zai wuce hayar mako ɗaya ba, dole ƙaryar ta kasance irin wadda ta shafi shawarar ba da hayar, sannan dole ya rubuta wa mutumin dalilinsa cikin kwana 7. In muka auna da misalinmu, hayar mako ɗaya ba ta kai naira 6,000 ba, alhali 50,000 hayar wata biyu ce cur. Kwana 10 da ɗakin ya yi a rufe kuwa kimanin 8,200 ne. A ƙara da kuɗin mota da na waya da mai gida ya kashe wajen bincike, a ce duka 10,000. Wannan ita ce asararsa, ya cire ta da zuciya ɗaya. Sauran 40,000 amana ce a hannunsa, kuma munin halin mai amana ba ya sauke ta daga wuyan wanda aka ba.

Sannan in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙarya suna ta tara. Akwai masu gidajen da ba sa ba gwauro haya, ba sa ba bazawara, wasu har ƙabila suke tambaya. Matar da ta ce mijinta yana tafiya, alhali aurenta ya mutu, don kawai ta sami inda za ta kwantar da 'ya'yanta, ta yi ƙarya, ba mu wanke ta ba. Amma kuɗinta na nan, niyyar biyanta na nan. In mai gida ya fasa saboda wannan, ba mu ga da wane ido zai riƙe ko kwabonta ba.

Wani zai ce, ke nan maƙaryaci ya sha? Bai sha ba. Ya rasa ɗaki, ya biya asara, sunansa ya ɓaci a wurin dillalan unguwa, in kuma takardar jabu ya buga, ƙofar kotu a buɗe take ga mai son bin kadi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ba ya buƙatar mu ƙara masa da zalunci.

Mafi yawan wannan rigima da ba ta taso ba in da an yi rigakafi. Sunan kuɗin kansa yana tuna mana da alƙalami, amma sau da yawa a tsaye ake miƙa shi a ƙofar gida, babu rasit, babu shaidu. Kamata ya yi tun ranar farko a rubuta adadin kuɗin, da kwanakin da za a riƙe ɗakin, da abin da za a cire in magana ta warware, shaidu biyu su sa hannu, in an sami saɓani a je wurin mai unguwa kafin a kai ga alƙali. Mai gida da ya yi haka ya tsare dukiyarsa daga mayaudari, ya kuma tsare cikinsa daga haram. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, ko da ta wanda ya cuce mu ce.