Alkawari Kaya Ne: Darasi Daga Yaƙin 1914

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. Amma idan cika shi zai jawo zub da jinin marasa laifi, wanne ne adalci, a cika ko a fasa? Yadda ƙasashe suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ya isa abin tunani a kan wannan.

Ran 28 ga Yuni 1914 aka harbe Franz Ferdinand, yarima mai jiran gadon Ostiriya-Hangari, a birnin Sarayebo. Jamus ta yi wa Ostiriya alkawarin goyon baya ba tare da sharaɗi ba. Da wannan ƙarfin gwiwa Ostiriya ta ƙaddamar da yaƙi a kan Sabiya ran 28 ga Yuli. Rasha ta tara sojoji domin Sabiya, sai Jamus ta yi shelar yaƙi da Rasha ran 1 ga Agusta, da Faransa ran 3. Kashegari sojojinta suka ratsa Beljiyam, Birtaniya kuwa ta shiga, tana kafa hujja da yarjejeniyar 1839 wadda ta tabbatar da cewa Beljiyam 'yar ba-ruwanmu ce.

A nan akwai alkawari iri biyu. Na Jamus ga Ostiriya alkawari ne na tsaya wa aboki ko da gaskiya ko babu. Na 1839 kuwa na kāre raunana ne, kuma Jamus ma tana ɗaure da shi, amma ta take shi. Ko da yake Birtaniya tana da nata buƙatu, nauyin alkawuran biyu ba ɗaya ba ne.

Italiya ta bi wata hanya dabam. Tun 1882 take ƙawance da Jamus da Ostiriya, amma ta ƙi shiga, ta ce ƙawancen na tsaron kai ne. Da ta tsaya nan da an yaba mata. Sai dai a Afrilu 1915 ta ƙulla yarjejeniyar asiri a Landan, aka yi mata alkawarin yankuna, a watan Mayu ta juya wa Ostiriya baya da yaƙi. Wannan ciniki ne, ba lamiri ba.

Akwai kuma waɗanda ba a tambaye su ba. Sojojin Nijeriya, da Hausawa da yawa a cikinsu, sun yi yaƙi a Kamaru ta Jamus, har Garwa ta faɗi a 1915, Mora kuma a 1916. Sun ɗauki kayan alkawarin da ba su yi ba.

Toma Akwinas, yana bin sawun Agustin, ya koyar cewa yaƙi ba ya halatta sai da hukuma mai iko, da dalili mai adalci, da kyakkyawar niyya. Ƙawance kaɗai ba ya cikin ukun nan. Hirudus ma ya cika rantsuwarsa a gaban baƙi, kan Yahaya Mai Baftisma ne ya biya kuɗinta.

Sojoji wajen miliyan 9 suka mutu kafin yaƙin ya ƙare a 1918. Saboda haka iyaye su koya wa 'ya'yansu riƙon alkawari, su kuma koya musu auna shi tun kafin ya fita daga baki. Wanda ya ce wa ɗan'uwansa zai bi shi duk inda ya nufa, ya kamata ya fara tambaya ina aka nufa.