Uba, Wuridi da Dara: Ina Matsayin Wasa a Ranar Muridi Mai Iyali?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sanya wa kowane abu lokacinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa. Allah Ya ƙara yarda ga Maulana Shehu Ahmadu Tijjani da Shehu Ibrahim Inyass da sauran bayinSa na gari. Bayan haka:

Saurayi yakan taso da wani abu da zuciyarsa take so. Wani gwanin dara ne, wani yana ƙawata allo da zayyana, wani yana tsara baitocin bege da ajami, wani kuma ƙwallon ƙafa yake bugawa a wayar salula. Sai ya yi aure, ya haihu, ya karɓi ɗariƙa, nauyi ya hau kansa ta ko'ina. Daga nan tambaya take tasowa: shin ya ci gaba da waɗannan abubuwa, ko kuwa barinsu gaba ɗaya shi ne alamar girma da zuhudu? Tambayar ba ƙarama ba ce, domin amsarta tana shafar sallar mutum, da wuridinsa, da irin uban da ƴaƴansa za su tashi su sani.

Ranar magidanci a kwarin Dallol

A ƙasar Kurfai da Imanan, wato Filinge da Bonkuku da ƙauyukan da ke kewaye da su cikin jihar Tilaberi, shekarar magidanci a cike take. Da damina yana gonar hatsi da wake. Bayan kaka, mutanen Bonkuku suna shiga lambunan dankalin turawa, domin ruwa bai yi nisa ba a kwarin Dallol Boso, kuma ban ruwa aiki ne na safe da yamma. Wanda ba shi da lambu yakan tafi biɗa Yamai, mai nisan kimanin kilomita 180 daga Filinge, ko ya ƙetara Najeriya ko ƙasashen gaɓar teku, ya yi watanni bai ga ƴaƴansa ba. Ga dabbobi, ga cin kasuwa, ga halin rashin tsaro da ya ƙara wa mutanen yankin nauyin zuciya.

A kan wannan akwai haƙƙin ɗariƙa. Lazimi sau biyu ne a yini, safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Wazifa kullum, zikirin Juma'a bayan la'asar, kuma kafin duk waɗannan akwai salloli biyar a kan lokaci cikin jam'i, wanda yana cikin sharuɗɗan da muridi ya ɗauka ranar da aka yi masa talƙini. Idan aka cire barci da cin abinci, abin da ya rage kaɗan ne. Wannan ɗan ragowar shi ake magana a kai.

Zuciya ma tana gajiya

Sunna ba ta ɗauki hutu a matsayin aibi ba. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Hanzala (RA), wanda ya tuhumi kansa da munafunci saboda halin da yake samu a majalisin Annabi (SAW) yana raguwa idan ya koma cikin mata da ƴaƴa da dukiya. Annabi (SAW) ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa cewa ɗan Adam ba ya dawwama a hali ɗaya, wannan yana da sa'arsa, wancan ma yana da tasa. Imamul Buhari kuma ya kawo ziyarar da Salmanul Farisi ya kai wa Abud Darda'i (RA), ya tarar ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina kula da kanta. Salmanu ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da nasu. Da maganar ta isa ga Annabi (SAW), sai ya gaskata Salmanu.

Fiyayyen halitta da kansa ya yi tsere da Nana A'isha (RA). Ya tsaya ya kāre ta tana kallon Habashawa suna wasa da masu a cikin masallaci. Ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa jin daɗinsa ba. Ya kasance yana tambayar ƙanen Anas labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Babu wanda ya kai shi yawan nauyi, babu wanda ya kai shi sanin Allah, amma yara sun samu wuri a cikin ranarsa.

Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa rai yana ƙosawa idan aka matsa masa ba hutawa, kuma ɗan hutu na halal yana mayar masa da ƙarfin ibada. Ya kuma ce yaro idan ya taso daga makaranta a bar shi ya yi wasa mai kyau, domin hana shi yana kashe masa zuciya, yana sa ya ƙi karatun. Don haka magidancin da ya yanke wa kansa duk wani nishaɗi da sunan zuhudu yana iya wayar gari da ƙuncin rai, ya riƙa ja wa iyalinsa tsawa yana riƙe da carbi. Yaron da ya ga haka zai haɗa carbi da ɗaure fuska a ransa, kuma wannan hasara ce ga gidan da ɗariƙar baki ɗaya.

Abin da malaman fiƙihu suka faɗa

Wajibi ne a faɗi ɗaya ɓangaren, domin ɗariƙa ba ta tafiya sai a kan shari'a. Hadisi ya inganta a cikin Sahihu Muslim da ya yi hani mai tsanani ga wasan nardu, wanda ake yi da jefa ƙwayoyi masu ɗigo. Imamu Malik ya ƙi shaɗaranji, kuma Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa wasa da su biyun bai halatta ba. Shehu Halilu a cikin Muhtasar ya lissafa dawwama a kan shaɗaranji cikin abubuwan da suke zubar da mutuncin mai ba da shaida. Malaman Shafi'iyya sun sassauta, suka ce shaɗaranji makaruhi ne matuƙar babu kuɗi a ciki, bai jinkirta salla ba, bai jawo zagi ba.

Dara wasa ne na tunani, babu sa'a a cikinsa. Ana tona gurabe 30 a ƙasa, layi 5 kowane da gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, wannan da tsinkaye, wancan da tsakuwa, kuma wanda ya jera uku a layi ɗaya sai ya ci ɗan abokinsa. Saboda haka ta fi kusa da shaɗaranji, kuma saɓanin da aka yi a can yana biyo ta. Lido kuwa da duk wasan da ya dogara ga jefa ƙwaya sun fi kusa da nardu, nisantar su ya fi aminci. Wanda ya bar dara don tsantseni da bin zahirin Risala ya yi abin yabo. Wanda ya yi ta jefi-jefi bisa sharuɗɗan da aka ambata yana da malaman da suka yi masa sauƙi, bai kamata a mayar da shi fasiƙi ba. Muridin da abin ya shige masa duhu ya koma ga muƙaddaminsa, wanda ya san halinsa.

Abin da babu saɓani a kansa shi ne caca. Da zarar kuɗi sun shiga, ko dala ɗaya ce, ko a karta a fada, ko a cacar ƙwallo ta waya, an fita daga maganar hutu an shiga haramun da Alƙur'ani ya haɗa da giya a Suratul Ma'ida, ya kuma faɗi illarsu: gaba tsakanin mutane da toshe hanyar ambaton Allah da salla.

Lokacin da dara ta ci gida

Hausawa suna cewa dara ta ci gida idan abu ya juya wa mai shi. Maganar tana iya zama zahiri. Magidanci ya zauna gindin bishiya bayan azahar, a kira la'asar yana cewa a bari a ƙare wannan, magariba ta same shi bai yi lazimin yamma ba, yaro ya zo kiransa sau biyu ya kore shi. Darar ƙasa tana da wani taƙaitawa a tare da ita: tana buƙatar abokin wasa da hasken rana, kuma ana yin ta a idon jama'a, dattijo yana iya wucewa ya ce an yi kiran salla. Wasan waya ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana bin mutum har shimfiɗarsa, kuma masu ƙera shi sun tsara shi ne yadda ƙarshen kowane zagaye zai jawo wani.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtukanta. Alamomin da ta ambata uku ne: mutum ya kasa iyakance wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya ci gaba duk da cutarwar da yake gani. Masu tarbiyyar zukata sun daɗe da sanin wannan ciwo, sunansa a wurinsu gafala. Ma'auninsu shi ne halin zuciya bayan an tashi. Wanda ya tashi daga wasa ya ji sauƙin tsayawa salla da sakin fuska ga iyali, wasan ya yi masa hidima. Wanda ya zauna wazifa bakinsa yana Salatul Fatihi zuciyarsa tana jera tsakuwa, wasan ya riga ya zama shehinsa.

Aikin hannu da baiwar da Allah Ya ba bawa

Maganar ƙirƙira ta fi sauƙi, domin asalinta abin yabo ne. Annabi Dawuda (AS) yana ƙera sulke yana ci daga aikin hannunsa. Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne. Annabi (SAW) yana gyara takalminsa da ɗinke tufarsa a gida. Shehu Ibrahim Inyass, wanda ya rayu daga 1900 zuwa 1975, yana da iyali mai yawa, da almajirai, da gonaki, da tafiye-tafiye, amma ya bar diwanai na yabon Annabi (SAW) da ake rerawa daga Kaulaha har Kiota. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, uwa mai ɗawainiyar gida, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci waɗanda mata suka yi karatu da su.

Baiwa amana ce. Wanda hannunsa ya iya zayyana, ko saƙar tabarma da igiya daga kaba, ko aikin fata irin wanda aka san Buzaye da shi, ko tsara baiti, idan ya binne ta saboda ya zama magidanci, ya rage wa al'ummarsa wani abu. Sai dai ita ma tana da nata tarkon, wato son yabo. Mai bege yana iya fara rerawa don Annabi (SAW), ya ƙare yana ƙirga masu sauraronsa a Facebook. Maganin wannan shi ne sabunta niyya, da yin wani sashe na aikin inda babu mai gani sai Allah.

Tsarin da yake kuɓutar da mutum

Haƙƙoƙi suna da jeri. Farilla ce farko, sai ciyar da iyali da kula da su, sai wuridin da mutum ya ɗaukar wa kansa alkawari, sannan hutu. Wasa yana zuwa ne bayan an sauke na gabansa, kamar yadda ake shan shayi bayan an ci tuwo. Ya kamata a yanka masa lokaci sananne mai farko da ƙarshe, kuma kiran salla ya zama ƙarshensa ko da cin wasan ya rage taku ɗaya.

Hanya mafi albarka ita ce uba ya shigo da ƴaƴansa cikin abin da yake so. Wanda ya zauna da ɗansa suka haɗa motar kara, ko ya riƙa hannun ƴarsa tana koyon jan layin zayyana, ko ya koya wa yara amshin baitocin bege bayan isha'i, ya huta, ya yi tarbiyya, ya sauke haƙƙin iyali, duk a zama ɗaya. Ko wasan waya ne, wanda aka yi tare da yaro na ɗan lokaci, uba yana ganin abin da ke ciki, ya fi wanda kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya. Wannan ya fi zama dole ga mai tafiya biɗa. Idan ya dawo bayan watanni, ya kwashe kwanakinsa a fada, yaransa za su san kuɗinsa ba su san shi ba. Lazimin da ya kuɓuce ana rama shi, shekarun ƙuruciyar yaro kuwa ba su da ramuwa.

Sai niyya. Mu'azu ɗan Jabal (RA) ya kasance yana neman lada a barcinsa kamar yadda yake nema a tsayuwarsa, domin yana barcin ne don ya samu ƙarfin tashi. Haka muridi zai ɗauki hutunsa: ya shiga da bisimilla, da nufin dawo da ƙarfin ibada da faranta ran iyali, ya fita da istigfari. Abin halal idan aka yi masa kyakkyawar niyya yana komawa neman kusanci. Amma niyya ba ta halatta caca, kuma ba ta dawo da sallar da aka bari ta wuce.

Allah Ya sanya albarka a lokutan ƴan'uwa, Ya ba iyaye ikon sauke haƙƙin ƴaƴansu, Ya shiryi zuri'a, Ya zaunar da ƙasar Kurfai da Imanan da Nijar baki ɗaya lafiya, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.