Gemun Auduga

A Tsafe na tashi. Daga goma ga azumi, bayan shan ruwa, mukan liƙa wa ƙanena gemun auduga, ya dogara sanda, mu bi gida-gida muna tashe. Wata rana kawuna, almajirin Bungudu, ya tare mu a zaure: "Yaro ya mai da kansa tsoho, ba ƙarya ba ce?"

Tambayar na raina har yau da samarin Gusau ke ɗora gajerun wasanni a TikTok. A ganina, ƙarya sai da yaudara, matan da suka ba mu hatsi kuwa sun san ɗan wane ne. Abin da ke damuna shi ne kwaikwayon gurgu ko mai i'ina don a yi dariya, alhali aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili.