Bayan Jiniya Ta Yi Shiru

Shekara goma sha bakwai mahaifina ya yi yana amsa kiran jiniya a wata masaƙa da ke Bompai. Da ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfa mai araha daga ƙasar Sin suka durƙusar da masaƙun Kano, yana cikin waɗanda aka sallama. Ya taka Sharada, ya leƙa majemun Challawa, ko'ina sai a ce ya dawo wani lokaci. Daga bisani ya koma tura baro a kasuwa.

Abin da ya ɗaure mini kai a lokacin shi ne, bai daina waƙa ba. Kowace asuba yakan buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya gada daga kakanmu, irin fassarar da aka fara bugawa a 1932, ya karanta, ya yi godiya. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Baba, godiyar me ake yi alhali mai gida yana jiran kuɗin haya?" Ya dube ni ya ce, "Aikin suka karɓe. Wanda ya ba ni aikin yana nan."

Na daɗe ina gardama da wannan amsa. Mai shakka zai ce bangaskiya magani ce da talaka ke sha don ya manta da ciwonsa, kuma ban raina wannan zargi ba, domin addu'a ba ta taɓa sauke mana tukunya ba. Sai dai mai neman mantuwa yakan gudu daga gaskiya, mahaifina kuwa bai gudu ba. Ya san bashinsa har kwabo, ya kuma fita da baronsa kullum. Ranar da ya samu, yakan cire kason maƙwabcinmu Musulmi, abokin aikinsa da aka sallame su tare.

A nan na gane cewa jin daɗi dabam, farin ciki dabam. Jin daɗi baƙon aljihu ne, yana zuwa da albashi, yana tafiya da shi. Farin ciki kuwa yana ɗaure da abin da mutum ya jingina ransa a kai. Manzo Bulus yana tsare ya rubuta wa ikilisiyar Filibi wasiƙar da ta cika da zancen murna. Almasihun da mahaifina ke bi bai yi masa alkawarin rayuwa marar wahala ba. Shi kansa ta hanyar gicciye ya bi.

Yau ina da aiki, ina kuma tsoron rasa shi. Duk lokacin da na wuce ta ƙofar masaƙar nan da ta yi tsatsa, nakan tambayi kaina a kan me na jingina. Har yanzu ban kai mahaifina ba, amma na fara tashi da asuba.