Kifin da ke Shaƙar Iska, da Amanar Mai Kiwonsa

Tsarki ya tabbata ga Allah, wanda bai saka wata halitta a wuri ba face ya haɗa ta da guzurin zama a wurin. A ƙasar Adar, inda damina ke yin wata uku ta wuce, mutanen Barmu da Tawa sun san kifin tafki, musamman na Tabalak da ke kan hanyar Agadas, tafkin da aka shigar cikin jerin dausayin Ramsar a 2005. Sun san tarwada, wadda kan daɗe a faifan mai talla tana motsi bayan sauran kifaye sun mutu, domin an yi mata wata gaɓa mai rassa a cikin kai da take ɗaukar iska da ita. Sun kuma san labarin gaiwa, wadda idan tafki ya ƙafe takan nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da yauƙi har ya bushe, ta bar 'yar kafa ta numfashi, ta yi ta cin jikinta wata da watanni har ruwan sama ya sauko ya tashe ta.

To, ya 'yan'uwa, can a Tailan, cikin gonakin shinkafa da kududdufai masu ɗumi, akwai wani ɗan kifi da tsawonsa bai wuce santimita 7 ba, sunansa beta, wanda aka yi wa irin wannan baiwa. Ruwan da yake zaune a ciki ba ya gudu, iskarsa kaɗan ce, sai Mahalicci ya sanya masa wani ɗaki mai lanƙwashe-lanƙwashe cike da jijiyoyin jini a cikin kansa, yana tasowa lokaci-lokaci ya kurɓi iska ya koma. Da iskar nan namijin ke busa kumfa ya gina sheƙa a saman ruwa, ya tsinci ƙwai ɗaya bayan ɗaya da bakinsa ya jera su a ciki, ya tsaya gadi har su ƙyanƙyashe. Wa ya koya masa? Masu kiwo sun fitar da ja da shuɗi masu jela kamar mayafi, suka bazu a gidajen duniya cikin gilashi, kuma a 2019 Tailan ta ayyana shi dabbar ruwa ta ƙasa.

Amma sai ranar da ya kwanta ciwo ake gane abin da tafki ke yi masa kyauta. Launinsa ya dushe, ya tattare fikafikansa a jikinsa, ya ƙi abinci, bakin jelarsa ya fara zagwanyewa yana baƙi. Galibi ruwan ne musabbabi. Kashinsa da ragowar abinci suna zama gubar amoniya; a tafki akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, aikinsu sauya gubar ta zama takin da ciyawar ruwa ke sha, amma a 'yar kwalba babu mai wannan hidima sai mai kifin. Haka zafi: tsakanin digiri 24 da 28 yake so, ga shi daren hunturu a Adar yakan sanyaya ɗan ruwa kafin asuba, jikinsa ya yi rauni, cuta ta sami ƙofa. Ko fararen ɗigon da kan feso masa, wata halitta ce mai nata ƙa'idar: tana cikin fata magani ba ya kai mata, sai ta faɗo ta hayayyafa, 'ya'yanta suka fito neman wani jiki, sannan ake cin galabarsu. Shi ya sa mai gaggawa ba ya iya jinyar kifi.

Jinyar kuwa ba ta da ado. A sauya wani sashe na ruwan a kai a kai, da ruwan da aka kawar wa sinadarin kulorin, mai ɗumi daidai da na da. A rage abinci. A rage zurfi, domin marar lafiya na iya kasa kai wa sama, alhali a can yake kurɓar iska. Idan Allah ya kawo sauƙi, za ka ga wani siririn baki garai-garai ya fito a gefen jelar da ta cinye, yana ƙaruwa, daga baya launi ya bi shi ya cika, ba tare da ɗinki ko ɗauri ba. Allahu Akbar!

A ganina, kuskure ne babba a ɗauki juriyar wannan kifi hujjar tsare shi a kofi. Baiwar an yi masa ita ne don ya tsallake lokacin tsanani, kuma mun san daga hadisi makomar matar da ta kulle kyanwa ba ci ba saki. Wanda ya san ba zai iya sauya ruwa duk mako ba, ya bar kifin ga mai iyawa, ya je bakin Tabalak ya kalli ikon Allah a inda yake ciyar da kifaye da kansa.